Shekarar da Na Ɗaura Agogon Malam

Bilki, wannan babi naki ne, ko da yake ina so yayanku Abba da sauran ƙannenki su ma su karanta. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan kina riƙe da ni a zuciya kan abu guda. Ba ki taɓa furtawa ba, don ke 'yar ubanki ce wajen haɗiye magana, amma ni na haife ki. Na san kin gan ni ina duba agogo a ranar da bai kamata uwa ta dubi komai ba sai fuskar 'yarta. To, yau zan faɗa miki abin da nake dubawa, tunda wanda nake rufa wa asiri ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwoyin nan nawa sun fara yi mini sallama.

Agogon na kakanku ne, mahaifin babanku Malam, wanda Abba ya ci sunansa. Ya tafi Makka yana saurayi, ya zauna can shekara da shekaru yana yi wa wani attajiri ɗinki, da zai dawo gida sai maigidan nasa ya kwance agogon hannunsa ya ɗaura masa. Ba zagayayye ba ne irin na mutane. Mai kusurwa huɗu ne, ɗan dogo, an ɗan lanƙwasa bayansa don ya kwanta luf a tsintsiyar hannu. Fuskarsa fara ce da ta tsufa ta koma kalar man shanu, lambobinsa baƙaƙe manya-manya, hannayensa shuɗi mai duhu, sannan ga wata 'yar da'ira a ƙasa inda ɗan ƙaramin hannu yake ta zagayensa shi kaɗai. Kullum da safe sai an murɗa masa kai, in ba haka ba ya yi fushi ya tsaya. Jikinsa ja ne mai sheƙi, mu dai mun tashi muna jin ana cewa ruwan zinariya aka yi masa. Da kakanku ya rasu 'yan'uwa suka bar wa Malam shi ba gardama, don shi ne ladan, shi yake da buƙatarsa.

Ƙanananku da suka girma da waya a aljihu ba za su gane abin da ladan yake a unguwa ba a lokacin. Gidanmu na bakin garin Daura, ta hanyar Mai'adua, katanga ɗaya ce ta raba tsakar gidana da masallaci. Shekara talatin Malam yana kiran salla a nan. Ƙananan masallatan da ke kewaye da mu babu mai buɗe baki sai ya ji shi, mata da muryarsa suke ɗora tukunya, masu babur da ita suke sanin lokacin juyowa daga kan iyaka. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da sarauta, karatunsa ma daidai gwargwado ne. Abin da yake da shi a duniya shi ne mutane su ce, in Malam ya kira to lokaci ya yi. Yana da wata ɗabi'a da nake yawan tsokanarsa a kai: duk ranar Juma'a da safe, in ya saita agogon da rediyo, sai ya lissafa lokutan sallolin makon da ƙarfi, Azahar kaza, La'asar kaza da minti kaza, alhali ba wanda ya tambaye shi. Nakan ce masa, Malam, kaji kake yi wa sanarwa ko tunkiya? Sai ya yi murmushi ya ci gaba da abinsa.

Sai ga shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Murna muka yi, kar wani ya ce muku ba mu yi ba, Malam har hawaye ya zubar. Gari ya cika da karatu, samari kowa da littafi a hammata, Abba kuwa yana sahun gaba. A wajen karatun ne aka zo kan hukuncin zinariya ga namiji, kuma duk wanda ke zaune a wurin ya san hannun da ake nufi ko da ba a kalla ba. Abba ya dawo gida jiki a sanyaye, ya fara biyowa ta wajena. Ni kuwa kun san bakina. Na ce masa, yanzu kai duk haramun ɗin da ke garin nan ba ka hango ko ɗaya ba sai na hannun ubanka? Ya tashi ya fita. Ya je ya durƙusa gaban Malam a zaure, ni kuma na laɓe a bayan ƙofa, ba zan ɓoye muku ba.

"Baba, ba raini ba ne. Gara ka ji daga bakina da ka ji daga na wani."

Malam ya ce Allah ya yi masa albarka, ya sallame shi. Washegari da kansa ya kai agogon wurin maƙerin zinariya a kasuwa. Mutumin ya goga gefensa a kan ɗan dutsensa, ya ɗiga wani ruwa, ya ce wannan ba ruwa aka yi masa ba, zinariya ce har ciki. Malam ya dawo ya same ni ina tuyar ƙuli, ya miƙo mini shi a tafin hannu.

"Ungo, Hanne. Ke ya halatta miki."

Na dubi hannunsa na ga inda maɗaurin ya zauna shekara talatin ya yi fari fes. Tausayinsa ya kama ni. Na sa agogon a cikin kwalla, kuma kusan wata biyu haka muka yi: in lokaci ya kusa sai ya leƙo ɗakina, ya buɗe kwalla ya duba, ya fita.

Abba shi ne bai sami sukuni ba. Ya ga ubansa yana shiga ɗakin mace sau biyar a yini don ya san lokaci, abin ya tsaya masa a rai. A lokacin yana bin wani ɗan kasuwa da ke sayo kaya a ƙasar Saudiyya, sai tafiya ta kama su. A wani kanti a Jidda ya ga abin da ya sa ya tsaya cak: ashe kamfanin da ya ƙera agogon kakanku ya dawo da wannan tsohon fasalin, ya sake ƙera shi da farin ƙarfe. Sai daga baya na ji cewa filinsa da yake shirin ginawa ya rabu da shi saboda agogon nan. Ya kawo shi cikin ɗan akwati mai laushin ciki, ya buɗe a gaban mutane a ƙofar masallaci bayan La'asar. Gaskiya abin ya yi kyau. Kusurwa huɗun nan tana nan, lanƙwasar bayan tana nan, har 'yar da'irar ƙasa. Amma sun sirantar da shi, sun ce ba ya son a murɗa masa kai, motsin hannu kawai yake ci. Fuskarsa ruwan toka mai ƙyalli, hannayensa farare sirara kamar allura, lambobin nan baƙaƙe kuwa duk sun kwashe su, sun sa wasu 'yan layuka a madadinsu. Wai haka 'yan zamani suke so. Malam ya ɗaura, ya ɗaga hannu kowa ya gani, ya ce wannan ya fi na da. Abba ya sunkuyar da kai yana share ido. Da Malam ya shigo gida ya ce in kai tsohon can ƙasan akwati, kar yaron ya sake ganinsa yana buɗe kwalla zuciyarsa ta ɓaci.

Ba a yi kwana goma ba abin ya faru. Ranar Alhamis ce, ƙarshen damina, hadari ya haɗo daga gabas ya rufe gari ruf. Malam ya kira Magariba. Bai daɗe da rufe baki ba iska ta yaye hadarin, sai ga rana jajir a saman itatuwa, da sauran tafiya a gabanta. Liman yana azumin nafila, ya riga ya kurɓi ruwa, haka tsofaffi da dama a unguwa. Ina tsakar gida na ga ranar da idona. Dattawan masallaci ba su ci masa fuska ba, amma sun faɗa masa a fili cewa watan azumi na tafe, ba za a yi wasa da bakin mutane ba, in aka sake samun irin wannan za su nemi wani. Ya ce hadari ne ya ruɗe shi, suka karɓa.

Ni ban karɓa ba. Hadari bai taɓa ruɗa Malam ba, don ba sama yake kallo ba, hannunsa yake kallo. Washegari da hantsi na leƙa ɗakinsa ta labule, na same shi tsaye a bakin taga, ya kawo agogon dab da idonsa, yana karkata shi dama da hagu yana neman inda haske zai nuna masa hannayen. Ya daɗe yana yi. Daga nan ya sauke hannu ya zauna a bakin gado ya yi tagumi. Sai a lokacin na tuna watanni ke nan yana laluben takalminsa da ƙafa, yana kiran ƙanwarki Sa'a da sunanki. Ashe idon ya daɗe yana tafiya, manyan lambobin tsohon agogo ne suke rufa masa asiri. Na bango da ke cikin masallaci ya yi masa nisa. In ya tambayi wani lokaci, ya tona kansa. In ya ajiye sabon, ya karya zuciyar ɗansa, ga shi ya riga ya yaba shi a gaban jama'a.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ciro agogon daga ƙasan akwati, na huda maɗaurin da basilla don ya yi mini daidai, na ɗaura. Matar Abba ta gan ni ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce Inna an zama 'yar boko. Na ce mijina ya ba ni zinariya, in bar wa kyankyasai? Sannan na mirgina turmina na dakan gyaɗa na kai shi jikin katangar masallaci, na ce inuwar can ta fi. Da Azahar ta yi na ɗaga taɓarya na buga cikin turmin ba komai a ciki, sau uku, da ƙarfi, da ɗan tsayawa a tsakani. Turmin da babu komai ƙararsa daban ce, duk wanda ya zauna da mai daka ya sani. Na tsaya ina sauraro. Shiru. Can sai na ji lasifika ta yi ɗan ƙara, ya yi gyaran murya, ya kira.

Da ya shigo bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Amma ranar Juma'a da safe sai ga shi ya zo ya tsaya daidai ƙofar ɗakina, yana gyara hula, ya lissafa lokutan makon a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya sake maimaitawa. Ranar ban tambaye shi ko kaji yake yi wa sanarwa ba. Haka muka ƙulla abinmu ba tare da ko kalma ɗaya ta shiga tsakaninmu ba. Asuba ba ta da wuya, tunda yana gida, tari kawai nake yi. Sauran huɗun kuwa na turmi ne. Na daina zuwa biki, na daina zuwa suna, in gaisuwar mutuwa ce in je a tsaye in dawo. Mata suka ce tunda na ɗaura zinariya na fi ƙarfin mutane. Na bar su da bakinsu. In na ji muryarsa ta tashi daidai kan lokaci, wani sanyi nake ji a raina wanda ban taɓa ji ba ko a kwanakin amarcina. Ina son mutumin nan, ban taɓa faɗa muku ba don ba a faɗa a zamaninmu, to yau na faɗa.

Azumi ya kama, muka yi kwana goma sha biyu ba kuskure ko na minti ɗaya. A na sha uku aka aiko daga Zango cewa kin haihu, ɗan bai zo da rai ba. Cikinki na biyu ke nan, shi ya sa kina ɗakinki ba a gida ba. Muka shiga motar farko ni da Malam bayan Asuba. Na same ki kwance kin juya wa ƙofa baya, nono ya cika miki, ba mai sha. Na dafa miki ruwa, na gasa miki jiki, na zauna na ɗora kanki a cinyata. Kafin rana ta take muka kamo hanya. A mota Malam ya ce in koma in zauna wajenki. Na ce wa zai kula da gida? Ya ce gida ba zai gudu ba. Na ce ni na san abin da zai gudu. Mu biyun kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake nufi.

Rana ta biyu na zo ni kaɗai na koma. Rana ta uku zazzaɓi ya rufe ki. Da na miƙe ina gyara mayafi kika kama bakin zanena.

"Inna, ki kwana."

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, idona ya sauka kan agogo kafin ya sauka kanki. Ba da niyya ba, hannu ne ya saba. Sha ɗaya da rabi ta wuce, motar Daura ba ta cika da wuri, Azahar tana jira, ga mutanen unguwa da azumi a baki. Kin ga lokacin da na duba. Kika saki zanen a hankali, kika mai da hannunki cikin bargo. Surukarki ta ce, cikin ladabi irin mai ciwo, a bar Hajiya ta tafi, da alama tana da abin da ya fi wannan. Ɗakin cike yake da mata. Da a ce na buɗe baki na faɗi dalili, da kafin motata ta iso Daura labarin makantar ubanki ya riga ni isowa. Na zaɓi mutuncinsa na bar ki. Ba zan ce miki na yi daidai ba. Tun daga Zango har gida kuka nake yi cikin mayafi, wata mata a gefena tana ta ba ni haƙuri, ta zaci mutuwa aka yi mini sabuwa.

Na iso da sauran 'yan mintoci. Na wanke fuska, na tsaya jikin katanga, lokaci ya yi na buga sau uku. Lasifika ta yi ƙararta. Sai na ji wata murya daban, ta wani mai shago a bakin titi, siririya, tana rawa don bai saba ba. Taɓarya tana hannuna na kasa ajiyewa. Ina nan tsaye Malam ya shigo yana bin bango da hannu, a fili, abin da bai taɓa bari a gani ba.

"Aje taɓaryar nan, Hanne. Na faɗa wa dattawan masallaci da safe. Na ce tun damina ba na gani."

Na ce agogon fa, me ya ce musu game da agogon Abba? Ya ce agogo lafiyarsa lau, idonsa ne ba lafiya, kuma iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sai faɗa ya taso mini. Na ce wa ya aike shi? Na ce wata uku ina tsare da katangar nan kamar mai gadi, na bar 'yata cikin zazzaɓi, sai yanzu da saura rabin wata a gama azumi zai zubar da komai? Shekara talatin fa! Ya bar ni na yi har na gaji. Sannan ya lalubo taɓaryar ya zare ta daga hannuna, ya jingine ta da kansa.

"Jiya na saurari bugunki. Na ukun da ƙyar ya fito. Kiran salla in ba ni akwai mai yi. Bilki kuwa uwarta ɗaya."

Ya ce in ɗauki kayana in koma kafin La'asar, shi zai je ya bi sahu. Na bi bayansa da kallo har ya fita, ya shiga masallacin da ya yi shekara talatin yana tara wa mutane, ya tsaya a cikin sahu kamar kowa.

Na dawo Zango da yamma, kin tuna. Na zauna har bayan Salla. Kin ci abinci daga hannuna, kin bari na yi miki wanka, amma idonki bai sake haɗuwa da nawa yadda ya saba ba, har yau. Ban ga laifinki ba.

Abba, kai kuma kar ka karanta wannan ka ɗora wa kanka. Abin da ka faɗa wa ubanka gaskiya ne, shi ma ya sani. Likita ya duba shi daga baya ya ce ba yanar ido ba ce, jijiyar idon ce, ko wane agogo ne a hannunsa ƙarshenta ke nan. Naka kuwa bai taɓa kwance shi ba sai in zai yi alwala. Ba don kara yake sawa ba. Da idon ya tafi gaba ɗaya yakan kai shi kunne ya saurara, in baƙo ya zo ya miƙa masa hannu ya ce a duba masa lokaci a agogon da ɗansa ya sayo masa.

Amma kar ku zaci abin bai ci shi ba. Ya ci shi ƙwarai. Watanni in aka kira salla sai in ga leɓensa yana motsi, wani lokaci ya ce yaron nan ya yi gaggawa, wani lokaci ya ce ya ja da yawa, sannan ya yi istigfari. Sau da dama liman ya roƙe shi ya riƙa kira ko na Juma'a ne, wani ya riƙa faɗa masa lokaci. Ya ƙi. Ya ce ya sauka ke nan, ba ya son a riƙa tausaya masa ta lasifika.

Bayan shekara ɗaya da rabi kika sake samun ciki, wannan karon na sa ƙafa na ce a gida za ki haihu. Kika sauka lafiya da hantsi, namiji, mai ƙarar kuka. Da aka wanke shi na naɗe shi a zane na kai wa Malam ɗakinsa, na ɗora masa a hannu. Ya shafa kan, ya shafa fuskar, ya lalubo ɗan kunnen dama da yatsa. Sai ya yi gyaran muryar nan tasa da na fi shekara ban ji ba, ya sunkuya, ya kira salla a kunnen yaron tun daga farko har ƙarshe, a hankali, da irin jan da yake yi, bai rage komai ba. Yaron ya yi tsit. Ke wahala ta sa barci ya ɗauke ki, ba ki ji ba. Ni ina tsaye a bakin ƙofa na ji duka.

Wannan ne kiran sallarsa na ƙarshe, kuma bai tambayi kowa ko lokaci ya yi ba.